Tun da ɗana ya fara gudu na daina shiga mutane

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. A Kano nake, shekarata 26, ɗana ɗaya ne, namiji, yana da shekara biyu da wata uku. Tun da na yaye shi ya zama wani abu daban. Wata biyu da suka wuce na je da shi wunin biki. Tun a Adaidaita Sahu yake neman zillewa, a gidan bikin kuma ya kifar da miya a kan leshin wata baƙuwa. Da na ƙwace cokalin hannunsa sai ya faɗi yana birgima yana ihu har ya shiɗe, leɓensa ya yi baƙi. Mata suka yi mini caa, wannan ta ce na sangarta shi, waccan ta ce a nemo masa rubutu. Surukata ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in nemi tsumagiya. Maigidana ya ce in zauna a gida har yaron ya yi wayo. Tun ranar ban sake fita ba. An yi rasuwa a danginmu ban je gaisuwa ba, ana ta yi da ni. Gidan haya muke a saman bene, ciki da falo, babu tsakar gida. In zan yi girki waya nake ba shi, wani lokaci har awa uku. Nakan dake shi, sannan in zauna in yi ta kuka. Bayan Sallah za a yi bikin ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Anti yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da shiɗewar, don na san ita ta fi tsaya miki a rai ko da a tsakiyar wasiƙa kika ɓoye ta.

Abin da kika kwatanta sananne ne a wurin likitocin yara. Yaro ya fusata ko ya ji zafi, ya tsala kuka, ya fitar da numfashi sai ya kasa jawo wani, leɓe ya canza launi, wani ma jikinsa ya saki, kafin minti ɗaya ya dawo. Ba da gangan yake yi ba, kuma yawancin yara suna daina shi kafin su kai shekara shida. In ya sake faruwa ki kwantar da shi a ƙasa ta gefensa, ki kawar da abin da zai buge shi. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a jijjiga shi. Amma ki kai shi asibiti sau ɗaya a duba, ki ba likita labarin tiryan-tiryan, a auna jininsa, domin ƙarancin jini na yawan tafiya tare da wannan shiɗewa, kuma likita ne zai raba miki ita da farfaɗiya. In kuwa da zazzaɓi a jikinsa, ko ya daɗe yana jijjiga, ko ya farfaɗo bai dawo hayyacinsa ba, wannan ba na jira ba ne, asibiti a lokacin. Addu'a kuwa ki tofa masa safe da yamma kamar yadda kowace uwa take yi, ba ta hana zuwa asibiti.

To, mu koma ranar bikin, amma ki durƙusa ki kalle ta daga tsayinsa. Ban tambaye ki ba, sai dai na san lokacin da mata ke fita wuni: bayan azahar, daidai lokacin da ya saba barci. An sa masa shadda mai sitati da hula. An matse shi a cinya cikin zafi da hayaƙin hanya. An shiga gidan da bai sani ba, sifika na dukan ƙirji, abin da idonsa ke gani gwiwoyi ne da bakin zannuwa, mata hamsin kowacce sai ta ja kumatunsa ta ce “mijina”. Abinci bai fito ba sai la'asar sakaliya. A cikin wannan duka ya samu abu ɗaya da ya gane, cokali, kika ƙwace. Yaro mai shekara biyu kalmominsa ba su taka kara sun karya ba, yanzu yake haɗa biyu, “ba ni”, “Mama zo”. Ba shi da bakin da zai ce yunwa nake ji, barci nake ji, a fitar da ni daga nan. Birgimar nan ita ce maganar tasa. Ni ban ga sangarta a labarinki ba. Na ga yaron da aka kai sha'anin manya, a lokacin manya, aka ce ya yi zaman manya.

Shi ya sa ban goyi bayan shawarar maigidanki ba, duk da na san tausayinki ya sa ya faɗe ta. Wayo ba ya samun yaro a ɗaki. Wanda ba a fita da shi ba zai iya fita ba, ranar da aka fita da shi kuwa sai ya zama kamar an kwance ɗan maraƙi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mai shekarun ɗanki yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Yana buƙatar aƙalla minti 180 yana motsa jiki, wato awa uku a warwatse cikin yini. Kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, kuma sun ambaci goyo a ciki. Kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Ki ɗora wannan a kan ciki da falo a saman bene, ki ga yadda lissafin ya juye: awa ukun da ya kamata ya yi yana gudu, ita yake yi a kan waya. Ƙarfin da bai ƙone ba ina kike so ya kai shi? Sai labulenki da kwanukanki.

Surukarki ba ƙarya take yi ba in ta ce nata 'ya'yan ba su yi haka ba. Amma ki tuna a irin gidan da ta yi raino. Yaro ya tashi ya fita tsakar gida, ga yayye, ga 'ya'yan faccaloli, ga kaji da awaki, ga ƙasa. Ya gaji ya tafi zaure wurin kakansa, wata ta goya shi, wata ta ba shi tuwo. Kafin magariba ya yi laushi. Hannu goma ke rainon yaro ɗaya. Ke kuwa hannu biyu gare ki da ƙofa mai sakata. Aikin da gidan yawa yake yi wa yaro a kyauta, ke sai kin ƙirƙiro shi da kanki.

Ga abin da nake so ki yi. Ki raba fita gida biyu: akwai tasa, akwai taki. Matsalarki ta samo asali ne daga cakuɗa su.

Fitarsa kullum ce, kuma ba ta buƙatar ko sisi. Da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, ki sa hijabinki, ki sa masa takalmi, ku sauko. Minti talatin ko arba'in. Ku je wurin mai kayan miya ya riƙo ledar tattasai. In ya tsaya kallon akuya ki tsaya, in ya tsuguna yana bin tururuwa da ido ki bar shi, in ya ce sai ya hau dakalin nan sau bakwai, to sau bakwai ɗin. Ba inda za ku, saboda haka ba a makara. Wannan ne ya bambanta ta da fitar manya, wadda rabinta “yi sauri” ne. Ki riƙa gaya masa sunan abin da ya nuna, a nan bakinsa zai buɗe. A nan kuma zai koyi doka ɗaya tak da nake so ki kafa: bakin titi sai da hannun Mama. Ki riƙe wuyan hannunsa, don yatsu zamewa suke yi. In ya fizge, ba faɗa, ba dogon bayani, ki ɗauke shi ki goya, ki ce “ka saki hannu, sai goyo”. Zai yi ihu. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ya gane maganar ba ta canzawa. Sai dai kada ki finciko shi sama da hannu ɗaya, gwiwar hannun yara ƙanana tana gocewa da irin wannan fizgar. Ku dawo kafin magariba. Hadisi ya ce a tsare yara a gida in dare ya kawo kai, sauro ma lokacinsa ke nan. Da damina kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata sun ƙwanƙwasa, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa 59, ki buɗe musu, ki kuma cika masa na kwana biyun da suke bar miki.

In unguwarku ba ta takuwa saboda ababen hawa ko kwata, ki nemi maƙwabciya mai tsakar gida da yara. Kada ki ji nauyi. Ki tafi da ɗan abin taɓawa, ki zauna awa ɗaya, shi ya yi wasa ke ki yi hira. Sau da yawa ita ma neman wadda za ta yi magana da ita take yi.

Wannan duka sai da yardar maigida, kuma yadda za ki kai masa maganar yana da muhimmanci. Kada ki tare shi da “na gaji” yana shigowa, zai ji kamar ƙara aka kawo. Ki bari ya ci abinci, ki ce kin samu shawara cewa rashin fita ne ke ƙara wa yaron rigima, kina neman izinin zagayen rabin awa kullum, a gwada wata ɗaya a gani. Sannan ki roƙe shi abu guda takamaimai, domin maza sun fi jin “ranar Asabar da safe ka tafi da shi” a kan “ka riƙa taimaka mini”. Ya kai shi aski. Ya zauna da shi a ƙofar gida. Ya kai shi gaida Hajiya. Wata Asabar ɗin ku je Gidan Zoo, wanda yake nan tun zamanin Gwamna Audu Bako, amma da safe, kuma ba cikin hidimar Sallah ba, lokacin da ko babba sai ya yi da gaske yake ganin gabansa. Kada ku ce sai kun zagaye ko'ina don kun biya kuɗin shiga. In ya ga jimina ya ƙi gaba, to jimina kuka zo gani. In maigidan yana jin ɗaukar yaro a bainar jama'a ba girmansa ba ne, musamman ɗan fari da al'ada ta sa ake kunyarsa, ki tuna masa cikin raha cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya kuma ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don ya san halin da uwar take ciki. Ban san wata hujja da ta fi wannan ba a kan cewa manya ne ke gyara tsarinsu saboda yaro.

Fitarki kuwa, yawancinta ba tasa ba ce. Gaisuwar mutuwa, dubiya a asibiti, Kantin Kwari, duk ki bar shi a gida. Asibiti ma musamman, ba wurin kai lafiyayyen yaro ba ne. Tun da maganar ta zo, ki ɗauko katinsa ki duba ko ya samu allurar ƙyanda ta biyu, ta wata 15, don ita ce iyaye suka fi mantawa, suna ɗauka an gama a wata tara. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba ya wasa da katin nan, balle ga yaron da za a shiga taro da shi.

Wa za ki bar wa? Ni da surukarki zan fara. Ki kai mata shi awa biyu, ki ce “Hajiya ga mijinki nan, zan je gaisuwa in dawo”. Kaka da jika ba sa ɓatawa, kuma na sha ganin mai cewa a nemo tsumagiya ita ce ke hana a taɓa shi in ya kwana biyu a ɗakinta. Ta san shi da kanta ya fi ta riƙa jin labarinsa a bakin matan biki. Sai dai kafin ki tafi ki zagaya gidan da idonki ba tare da kin nuna ba: rijiya a rufe take? Akwai bokiti ko baho cike da ruwa a ƙasa? Yaro ƙarami yana nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, kuma shiru ake ji, ba ihu. Ina Hajiya take ajiye maganin hawan jininta? Akwai kananzir ko fetur a robar lemo? Wannan ya kai yara da yawa asibiti a ƙasar nan. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, don shiga huhu shi ne haɗarin. A tafi asibiti kawai. Kada kuma ki bar shi da 'yar aiki mai shekara tara ko goma su kaɗai a gida, ita ma yarinya ce mai buƙatar a kula da ita. In za ki tafi ki yi masa sallama, ki ce za ki dawo bayan la'asar. Zai yi kuka, minti kaɗan ne. Sulalewa a ɓoye ita ke sa yaro ya maƙale wa uwa ko banɗaki za ta shiga, don bai san yaushe za ta sake ɓacewa ba.

Akwai fitar da dole sai da shi. Wannan ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tsara ta da barcinsa: ko ku fita da sassafe ku dawo kafin azahar, ko ki bari ya tashi daga barcin rana. Ya ci ya ƙoshi a gida, kada ki dogara da abincin inda za ku. A jaka ki sa ruwan gidanku, famfas, kaya canji ɗaya, zani da majanyi ko da kina ganin ya girmi goyo, da abin ci mai riƙe ciki irin dafaffen ƙwai, ayaba, dankali ko ƙosai. Biskit da lemon kwali suna rufe baki na minti biyar ne, su kashe masa cin abinci. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri kuwa ki hana kowa ba shi, suna sarƙe yara masu shekarunsa, kuma a taro kowa so yake ya ba yaro wani abu. A gida ki ajiye gishirin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, don ita ce tsarabar da yara suka fi kawowa daga biki.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ta zama motar kowa, kuma ba ta da ƙofa. Kada ki zauna da shi a bakin da yake buɗe. Ki shige ciki, shi a cinyarki, hannunki zagaye da cikinsa, jakar a ƙasa tsakanin ƙafafunki. In da hali ki ɗauki shata, ko don ki ce wa mai tuƙin ya tafi a hankali. In motar gida ce, bayan mota ne wurinsa, ba cinyar Baba a sitiyari ba, kuma kada a bar shi a rufaffiyar mota “minti biyu” a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Zan ba ki labarin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. 'Yata ta biyu tana da kusan shekarun ɗanki na shiga Kwari da ita ana gab da Sallah. Na saki hannunta don in buɗe atamfa in ga zanen. Wallahi ban fi ƙirga goma ba, na duba babu ita. Na yi ta kiran sunanta, muryata ba ta fita saboda hayaniya. Wani ɗan dako ne ya hango ta a layi na gaba, ta tsaya tana shafa wani leshi mai duwatsu, ko a jikinta. Tun ranar, in zan shiga cunkoso da ƙaramin yaro goya shi nake yi, in sa masa riga mai launin da ake hangowa, in rubuta lambar waya a takarda in sa a aljihunsa. Ku yanzu da kuke da waya a hannu, ki ɗauke shi hoto kafin ku fita, don in ana nema a san kayan da ke jikinsa. Kuma na koyi cewa gidan biki ya fi kasuwa haɗari. A kasuwa kin san ke kaɗai ce. A gidan biki kowa na ɗauka wani na kallonsa, alhali ga tukwane a kan murhu, ga ruwan zafi, ga motoci na ribas a ƙofar gida. “Ku duba mini shi” ba ta tsare yaro. Sunan mutum ɗaya ake kira, a danƙa mata shi hannu da hannu.

Duk da wannan shiri zai yi bori wata rana, don shekarunsa ke nan. In ya fara, ki ɗauke shi ki fita da shi inda babu mutane, soro ko bayan gida. Ki rage magana, ba ya jin ki a lokacin. Ki zauna kusa da shi har guguwar ta wuce, sannan ki rungume shi ki ba shi ruwa. Abu ɗaya ne ba za ki yi ba: ba shi abin da ya yi birgimar dominsa. In kika ba shi yau saboda kunyar mutane, kin koya masa cewa birgima a gaban baƙi tana biya, kuma yara ba sa manta irin wannan karatu. Daga nan ne sangartar gaske take farawa. Wanda za ki iya kaucewa kuma ki kauce masa: in za ki karɓi cokali ki miƙa masa wani abu a madadinsa, in za ku tashi ki gaya masa tun da saura, in za ki sa masa takalmi ki tambaye shi ja ko baƙi, kada ki tambaye shi ko zai sa. Matan da za su yi caa kuwa amsarsu ɗaya ce, “barci yake ji, Hajiya”, ki yi murmushi ki wuce. Rabinsu nasu 'ya'yan sun yi abin da ya fi haka, mantawa suka yi.

Maganar duka, ba zan yi miki faɗa ba, kukan da kike yi bayansa ya nuna kin riga kin san amsar. Ɗan shekara biyu ba ya haɗa zafin tsumagiya da laifin da ya yi, abin da yake koya shi ne mai ƙarfi yana dukan marar ƙarfi, sai ki ga ya fara kai wa yaran maƙwabta hannu. Salla ma, da ta fi komai, sai a shekara bakwai aka ce a umarci yaro da ita. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Karin maganar surukarki gaskiya ce, amma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi, kullum kaɗan. Kada ki yi musu da ita. Ki ce “to Hajiya”, in akwai abin da za a faɗa mata ɗanta ya faɗa. In kika ji ranki ya kai maƙura, ki ajiye yaron inda ba abin da zai same shi, ki fita daga ɗakin, ki yi alwala. Kukan minti uku ba zai yi masa komai ba.

Wayar kuma kada ki yanke ta rana ɗaya, ki mayar da ita abu mai lokaci: sa'ar da kike suya ko sauke tukunya, lokacin da kusantarsa da wuta haɗari ne. Sauran girkin ki zaunar da shi daga bakin ƙofa da robobi da ludayi da muciya, ko ki ba shi alayyafo ya tsinka miki. Zai ɓata rabi. Kwanakin farko zai yi rigimar neman wayar, in kika daure za ta lafa, musamman in ya fara samun fitarsa. In kuma kin lura ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko har yanzu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina faɗar abin da da yake faɗa, ki haɗa da wannan a zuwanku asibiti, a duba har da jinsa.

Ke ma ina so a duba ki. Wata biyu mace na kulle da yaro ba ta ga 'yan'uwanta ba, dole zuciya ta yi nauyi. In fita ta dawo kika ji sauƙi, shi ke nan. In kuwa kukan ya zama na kullum, barci da abinci sun gagara, ba abin da ke yi miki daɗi har sama da mako biyu, ki gaya wa likita da bakinki, ciwo ne mai magani. Gaisuwar da ba ki je ba kuma ki je cikin makon nan. Ki ce yaro ne ya riƙe ki, ki ba da haƙuri, ki yi wa mamacin addu'a. Ba a korar mai ta'aziyya don ta makara.

Saura bikin ƙanwarki. Ke yayar amarya ce, ranar ba za ki samu hannun riƙe yaro ba, kada ma ki yaudari kanki. Tun yanzu ki zaɓi mutum ɗaya a dangi, babba mai hankali, wadda ba ta cikin ƙawayen amarya kuma ba ta cikin masu girki, ki ce ita ce mai shi ranar wuni, ki yi mata ɗinki ko ki sa mata wani abu a hannu. Ki fara kai shi wurinta tun kafin bikin don ya saba da ita. Ki roƙi maƙwabtan gidanku ɗaki ɗaya nesa da sifika inda zai yi barcin rana. A cikin kamu da sa lalle da wuni da kai amarya, guda ɗaya ya ishe shi, na rana. Ki sa masa ankon a ɗauki hoto da amarya tun yana da tsabta da fara'a, sannan ki tuɓe shi ki sa masa riga mai laushi. Babansa ya zo ya ɗauke shi kafin magariba, ya kwana wurin Hajiya in ta yarda. Dina kuwa ko da wasa kada ki kai shi. Ki rubuto mini bayan bikin in ji yadda kuka ƙare, da abin da likita ya ce game da jinin. Allah ya raya mana shi, ya sa a yi bikin lafiya.